Ƙwan Fitilar Da Bai Kamata Mu Yi Saurin Yi Wa Ritaya Ba



Da yawa daga cikinmu mun taɓa zama a kan benci a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, da auduga a maƙale a hannu, muna jiran sakamako. Idan takardar ta fito mukan gode wa ma'aikacin, wani lokaci har mu yaba wa na'urar. Abin da ba mu cika sani ba shi ne, a cikin da yawa daga waɗannan na'urori akwai wani ɗan ƙwan fitila da bai fi gaɓar yatsa ba, kuma da haskensa ake karanta jinin namu. Sunansa ƙwan tangistin da halojin, ko halojin a taƙaice. Ɗan uwan wanda ke idon mota ne, da kuma doguwar fitilar nan mai zafi da ake kafawa a filin biki ko a ƙofar ma'aikata.

A 'yan shekarun nan an yanke wa wannan ƙwai hukuncin zama tsohon yayi. Fitilar LED ta shigo, ba ta cin wuta sosai, ba ta zafi, ga daɗewa. Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da yawancin ƙwayayen halojin na gida cikin kasuwanninta daga 1 ga Satumban 2018, Birtaniya kuma ta ƙara tsaurara haramcin a 2021. Mu ma a nan, da wuya ka shiga shagon kayan wuta ka ji wani yana neman ƙwai mai zafi. Ra'ayinmu a wannan mako shi ne: a ɗakin kwana da kan titi hukuncin ya yi daidai, amma a ɗakin gwaje-gwaje shari'ar ba ta ƙare ba. A can fitila ma'auni ce, kamar mudu a hannun mai awo ko sikeli a gaban mai sayar da zinariya. Shi kuwa ma'auni, gaskiyarsa ake fara dubawa kafin a duba kuɗin da yake ci.

Kafin mu kare wannan ra'ayi, bari mu buɗe cikin ƙwan mu ga yadda yake aiki.

A tsakiyarsa akwai wata siririyar waya da aka nannaɗe, wadda za mu kira lagwani. Idan wutar lantarki ta bi ta cikinta sai ta yi zafi har ta yi haske, kamar yadda ƙarfe ke yin ja a maƙera, idan aka ƙara zuga ya koma ruwan ɗorawa, daga nan ya nufi fari. Yawan zafi, yawan haske da fari. Shi ya sa ake neman ƙarfen da zai jure zafi mai tsanani bai narke ba, kuma a duk ƙarafa babu wanda ya kai tangistin: sai ya kai digiri 3,422 a ma'aunin Salshiyas yake narkewa. Sunan daga harshen mutanen Suwidin ya fito, ma'anarsa dutse mai nauyi. Da farko ƙarfen gautsi ne da shi, ba ya jawuwa. Wajen 1910 ne William Coolidge na kamfanin General Electric a Amurka ya gano yadda za a sarrafa shi ya zama waya mai lanƙwasuwa. A 1913 kuma Irving Langmuir, a wannan kamfani dai, ya nuna cewa cika ƙwan da iskar da ba ta ci da wuta yana rage saurin ƙarewar lagwanin.

Duk da haka wata matsala ta rage. Tangistin da ke cikin irin wannan zafi yana ƙafewa a hankali, ƙwayoyinsa suna tashi su je su manne a jikin gilashi. Duk wanda ya taɓa goge ƙwan fitilar kananzir da toka ya san abin da hayaƙi ke yi wa haske. Haka tsohon ƙwan lantarki ke yin baƙi daga ciki, haskensa na raguwa, lagwaninsa na sirancewa har ya tsinke.

Maganin ya fito ne a shekarun 1950, daga wasu ma'aikatan General Electric biyu a jihar Ohayo, Elmer Fridrich da Emmett Wiley, waɗanda aka ba shaidar mallakar fasahar a 1959. Sun sa ɗan aidin kaɗan a cikin ƙwan. Aidin na cikin dangin sinadaran da ake kira halojin, tare da fulorin da kulorin da biromin, kuma a yau biromin aka fi sawa. Abin da ke faruwa shi ne: ƙwayar tangistin da ta tashi daga lagwani, idan ta kusa jikin gilashi inda zafi ya ragu, sai halojin ya kama ta su haɗu su zama wani tururi da ba ya mannewa. Tururin ya yi ta yawo a cikin ƙwan har ya dawo kusa da lagwani, inda tsananin zafi zai raba su. Tangistin ya sauka a kan lagwani, halojin ya koma ya kamo wata ƙwayar. Haka suke ta zagaye muddin fitilar na kunne, shi ya sa gilashin ke zama fes har ranar da ƙwan zai mutu.

Wannan zagaye yana da sharaɗi guda: dole jikin ƙwan ya wuce digiri 250 a zafi, in ba haka ba tururin zai daskare a jikinsa. Don haka ake yin ƙwan ƙarami, bangonsa dab da lagwani, kuma ake yin sa da gilashin kwaz ko wani gilashi mai jure zafi, domin na yau da kullum ba zai iya ba. Ƙanƙantar da ƙarfin bangon sun kawo wata riba: ana iya cusa iskar agon ko kiribton ko zinon da matsi mai yawa, matsin kuwa yana danne ƙafewar tangistin. Da haka ake iya tura lagwanin zuwa wajen digiri 2,900, alhali na ƙwan gida na da bai cika wuce 2,500 ba.

Akwai wani kuskure da ake yawan maimaitawa, cewa ƙwan halojin yana gyara kansa. Gyaran rabi ne. Tangistin da ya dawo ba ya sauka daidai inda ya tashi. Ya fi sauka a sassan lagwanin da ba su kai sauran zafi ba. Wurin da ya fi zafi yana ci gaba da sirancewa, sirancewar na ƙara masa zafi, har wata rana ya tsinke a nan. Abin da zagayen ke tabbatarwa shi ne tsabtar gilashi, wato hasken ba ya dusashewa sosai tsawon rayuwar ƙwan. Ga mai awo, wannan ya fi tsawon rai muhimmanci.

Yanzu ga tushen hujjarmu. Farin haske tarin launuka ne, kamar yadda bakan gizo ke nuna mana bayan ruwa. Masana suna bambanta launukan da tsawon zangon igiyar haske, a wani ɗan mitsitsin ma'auni da ake kira nanomita. Idon mutum yana gani daga wajen nanomita 400, ɓangaren shunayya da shuɗi, zuwa wajen 700, ɓangaren ja. Ƙasa da 400 akwai hasken altrabayolet, sama da 700 akwai infared, dukansu ido ba ya gani. A 1800 William Herschel ya gano infared da ya ajiye ma'aunin zafi a gefen jan launi, inda ido ba ya ganin komai, ya ga zafin ya hau.

Abin da ya yi haske saboda zafi yana fitar da dukan waɗannan launuka a jere, babu giɓi, babu tsalle. Ƙwan halojin yana ba da haske daga wajen nanomita 320 har zuwa 2,500, a kan layi mai santsi wanda ake iya lissafa siffarsa daga zafin lagwani, bisa ƙa'idar da Max Planck ya fitar a 1900. Ƙololuwar hasken tana wajen nanomita 900, a cikin infared. Nan aibin ƙwan yake, domin mafi yawan wutar da yake ci tana fita ne a matsayin ɗumi, kaso kaɗan ne ido ke amfana da shi. Nan kuma darajarsa take. Zafin da ake kuka da shi, shi ne ya haifi cikar launukan. Ba za ka iya cire ɗaya ka bar ɗaya ba.

Mu kwatanta da sauran fitilun ɗakin gwaji. Fitilar zaiba tana da ƙarfi ƙwarai, amma haskenta a tattare yake a wasu 'yan wurare, kamar nanomita 365 da 436 da 546, tsakaninsu kuma rauni. Fitilar zinon tana da santsi a ɓangaren da ido ke gani, amma tana da tsini-tsini tsakanin 800 da 1,000. Farar LED kuwa asalinta shuɗiya ce, mai haske a wajen nanomita 450, aka shafa mata wani sinadari da ke mayar da sashen shuɗin ya koma ruwan ɗorawa, gaurayen ya bayyana wa ido kamar fari. Idan aka baje haskenta za a ga tsauni a shuɗi, kwari a wajen 480, tudu a kore da ɗorawa, sannan ya gangara ya ɓace jim kaɗan bayan ja. A altrabayolet ba ta da komai, a infared ma kusan haka. Ido ba ya lura da wannan giɓi, amma na'urar awo tana lura.

Shi ya sa har yau, idan ka buɗe na'urar sifektirofotomita irin ta jami'o'i da ɗakunan binciken ingancin magani, sau da yawa fitila biyu za ka tarar: ta diyutiriyam mai kula da altrabayolet daga wajen nanomita 190, da ta halojin da ke karɓar aiki daga wajen 320 zuwa 350 ta ci gaba har infared. Shi ya sa na'urorin da ke auna danshi da furotin a cikin hatsi ba tare da an niƙa an dafa da sinadari ba, fasahar da Karl Norris na ma'aikatar noman Amurka ya share wa hanya a shekarun 1960, suka dogara da halojin: ruwa yana shan haske a wajen nanomita 1,450 da 1,940, inda farar LED ba ta kaiwa. Shi ya sa kuma hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, take amfani da ƙwan halojin mai wat 1,000 a matsayin ma'aunin da ake gwada sauran na'urorin awon haske da shi. Hatta hasken da hukumar haske ta duniya, CIE, ta ayyana tun 1931 a matsayin ma'auni na farko, wanda ta yi wa laƙabi da A, hasken lagwanin tangistin ne a zafin Kelbin 2,856. Idan za a tantance ko sabuwar fitila tana faɗin gaskiya, sau da yawa tsohuwar ake kira ta ba da shaida.

Wani zai ce wannan duk zancen manyan ɗakunan bincike ne na Turai da Amurka. To mu dawo kan bencin da muka fara da shi. Ƙaramar na'urar gwajin sinadaran jini da ke kan tebur a asibitoci da ɗakunan gwaji masu zaman kansu da yawa a garuruwanmu tana aiki ne da ɗan ƙwan halojin mai bolt 6 ko 12. A gabansa akwai jerin matatai, kowace tana barin launi ɗaya ya wuce: nanomita 340, 405, 505, 546, 578, 630. Gwajin sukari ana karanta shi a wajen 505. Gwaje-gwajen hanta da ake kira ALT da AST ana karanta su a 340. Ƙwai ɗaya ne ke ciyar da dukan matatan, saboda yana da kowane launi.

Yadda awon yake shi ne, na'urar tana auna hasken da ya ratsa ruwan da babu komai a cikinsa, sannan ta auna wanda ya ratsa samfurin mara lafiya, ta kwatanta. Ta ɗauka cewa fitilar ba ta canza ba tsakanin awo na farko da na biyu. A gwajin ALT abin ya fi haka laushi: na'urar tana bin yadda hasken da ke ratsa samfurin yake ƙaruwa a cikin 'yan mintoci, daga saurin ƙaruwar take lissafa yawan sinadarin da hanta ta zubo cikin jini. A na'urar da ba ta da ido na biyu mai sa ido a kan fitilar kanta, idan hasken ƙwan yana hawa saboda bai gama ɗumama ba, ko yana rawa saboda ya tsufa, na'urar ba ta da hanyar bambance wannan da aikin hanta. Lamba za ta buga. Lambar ce likita zai gani, da ita zai ce wa mutum hantarsa lafiya lau, ko ya ɗora shi a kan magani da fargaba. Kuma nanomita 340 a can bakin iyakar ƙarfin halojin take, inda haskensa ya fi rauni, don haka gwaje-gwajen da ke wurin ne ke fara lalacewa idan ƙwan ya gaji, tun ido yana ganin fitilar tana ci tangaran.

A nan ya kamata mu yi adalci mu faɗi raunin ƙwan, domin yana da shi. Na farko, yana da tsananin kula da ƙarfin wuta. Idan bolt ya ƙaru da kashi 5 cikin 100 kacal, haske zai ƙaru da kusan kashi 18, amma rayuwar ƙwan za ta ragu da kusan rabi. Idan ya ƙaru da kashi 10, rayuwar ba za ta kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ko canjin kashi 1 a bolt yana canza haske da fiye da kashi 3, a ɓangaren shuɗi ma ya fi haka. Na'urori masu kyau suna da abin daidaita wuta a cikinsu, amma shi ma yana da iyakar abin da zai iya shanyewa. Na biyu, lagwani mai sanyi yana barin wuta ta wuce fiye da mai zafi sau goma ko fiye, don haka duk kunnawa duka ce a gare shi, kuma yawancin ƙwayaye a lokacin kunnawa suke mutuwa. Mu tuna sau nawa ake ɗauke wuta a tayar da janareta a rana ɗaya a wurarenmu. Na uku, yana buƙatar minti 15 zuwa 30 kafin haskensa ya zauna. Na huɗu, idan aka rage masa wuta launinsa yana komawa ja, idan kuma aka daɗe ana kunna shi ƙasa-ƙasa bangonsa ba zai kai zafin da zagayen halojin ke buƙata ba, sai ya fara baƙi. Na biyar, ba ya daɗewa. A cikin ƙwayaye masu bolt 12 da wat 100 da ake sa wa manyan madubban likita, akwai wanda aka yi don awa 50 kawai saboda a samu haske mai ƙarfi, akwai wanda aka rage wa zafi ya kai awa 2,000. LED kuwa ana lissafa rayuwarta da dubban awoyi goma-goma.

Saboda haka akwai inda muke tare da LED ɗari bisa ɗari. A madubin likita na duba ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro, inda idon ma'aikaci ne alƙali, LED ta fi dacewa da halinmu: tana aiki da batir ko sola, ba ta gasa samfur, launinta ba ya canzawa idan an rage haske, ba ta buƙatar shuɗiyar matatar da ake sa wa halojin don kashe ɗorawarsa. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koma ga madubban likita masu LED wajen gano ƙwayoyin tarin fuka ta hanyar rini mai ƙyalli, a maimakon masu fitilar zaiba. Shuɗiyar LED da ta buɗe wannan ƙofa ita ta sa aka ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014, kuma sun cancanta. Akwai ma sababbin na'urorin gwajin jini da aka ƙera tun daga tushe da LED daban don kowane launi, wasu kuma da fitilar zinon mai walƙiya. Waɗannan ba mu da ja da su, domin maƙeransu sun lissafa komai a kan hasken da suka sa.

Inda muke da ja shi ne ɗaukar cewa haske haske ne. Wannan tunani yana fitowa ta hanyoyi uku, kuma dukansu muna ganin su.

Hanya ta farko ita ce dabarar mai gyara. Ƙwan na'ura ya mutu, ba a samu irinsa ba, sai a ciro LED daga tocila a jona. A madubin likita wannan kan yi aiki, ko da ba daidai ba. A na'urar awo kuwa, matatar 340 za ta tsaya tana jiran hasken da babu shi. Idan an yi sa'a na'urar za ta ƙi aiki. Idan ba a yi sa'a ba za ta ba da lamba.

Hanya ta biyu ita ce sayen duk ƙwan da ya shiga ramin. Bolt ɗaya, wat ɗaya, ƙafafu iri ɗaya, kuɗi kuma kashi ɗaya cikin goma, me ya rage? Abubuwa biyu. Yawancin ƙwayayen halojin na ado da na shago an yi gilashinsu da sinadarin da ke tare altrabayolet don kare ido da fata, abin da yake alheri a falo amma yake rage hasken da gwajin hanta ke buƙata. Sannan a na'urar awo an tsara madubai su tattara haske daga wuri ɗaya tak, shi ya sa ƙwanta kan zo a kafe a kan gindinsa, an daidaita lagwanin tun daga masana'anta. Lagwanin da ya kauce da milimita ɗaya ko biyu ya isa ya zubar da haske mai yawa a gefe. Araha ba ta ado, a nan kuwa har lafiyar mutum takan taɓa.

Hanya ta uku ita ce watsi. Na'urar da aka kashe miliyoyi a kanta, ko aka samu gudummawa, sai a lulluɓe ta da leda a tura lungu saboda ƙwai ya mutu, a fara rubuta takardar neman sabuwa mai LED. Marasa lafiya kuma su koma bin motar haya zuwa wani gari don gwajin da ake iya yi a nan. Da an sayi ƙwai biyu ko uku na ajiya ranar da aka sayi na'urar, da ba a kai ga haka ba. Dokokin Turai sun bar ƙofa a buɗe ga fitilun ayyuka na musamman, amma hankali ya isa ya gaya mana cewa kayan da babbar kasuwarsa ta rufe, samunsa ba zai ƙara sauƙi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da muke kira a yi ba mai tsada ba ne. A ɗauki ƙwan a matsayin kayan awo, a buɗe masa shafi a littafin ɗakin gwaji: ranar da aka sa shi, awoyin da ya yi, ranar da ya kamata a canza shi tun bai mutu ba. A sa na'urar a bayan sitabilaiza ko inbata mai kyau, kada ta sha wutar janareta kai tsaye. A bar ta ta ɗumama kafin a sa samfurin farko, ko da layi ya yi tsawo, kuma a daina kashewa da kunnawa tsakanin mara lafiya da mara lafiya. Kada a taɓa gilashin da yatsa, domin maiƙo da gishirin gumi suna cin kwaz idan ya yi zafi, su bar tabo mai rauni inda ƙwan zai iya kumbura ko fashewa; in an taɓa bisa kuskure, a goge da sifirit a bari ya bushe. A bar shi ya huce kafin a cire shi, kuma kada a ƙura masa ido yana kunne. A riƙa share ƙurar da ke toshe fanka da ramukan iska, musamman da hunturu, domin gindin ƙwan, inda waya ta ratsa gilashi, ba ya son zafin da ya wuce wajen digiri 350 ko da yake bangon na son zafi. A madubin likita, a rage wuta kafin a kashe, a kunna a ƙasa sannan a ɗaga a hankali, amma a riƙa ba shi cikakkiyar wutarsa lokaci-lokaci don zagayen ya share gilashin. Bayan duk canjin ƙwai a na'urar awo, a sake daidaita ta, a gwada ta da samfurin da aka san amsarsa kafin a karɓi jinin kowa.

Ga masu sayo kaya a asibitoci da makarantu kuma, tambayar da za a yi wa dillali ba ita ce ko na'urar ta zamani ce ba. A tambaye shi wane irin haske take amfani da shi, daga nanomita nawa zuwa nawa, awa nawa fitilar ke yi, nawa ne kuɗin wata, kuma a ina ake samunta. Dillalin da ya kasa amsa waɗannan bai san abin da yake sayarwa ba. Mu kuma da muke zama a kan benci muna da haƙƙin tambaya cikin ladabi ko ana gwada na'urar da samfurin tantancewa a kullum. Ɗakin gwajin da ke yin haka ba zai ji haushin tambayar ba.

Muna sane cewa wata rana za a iya samun fitilar da za ta ba da cikakkun launuka daga altrabayolet zuwa infared ba tare da zafi ba, a farashin da asibitin ƙauye zai iya. Idan ranar ta zo, mu ne za mu fara yi wa halojin sallama. Kafin nan, dubban na'urorin da ke kan tebura a yau da shi aka ƙera su, kuma sakamakon da za a miƙa wa mahaifiyar wani gobe da safe ta cikin haskensa zai biyo.

Muna da ma'aikatan ɗakin gwaji da ɗaliban kimiyya da masu gyaran kayan asibiti a wannan zaure. Ku faɗa mana a ƙasa: a wurin aikinku akwai ƙwan ajiya a durowa, kuma akwai wanda ke rubuta awoyin wanda ke ciki? Wanda kuma yake ganin mun yi wa LED rashin adalci, fili nasa ne. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.